Shin ƙirar jikin ɗan damben ajin masu nauyi tana nuna juriyarsa da iya faɗansa?

Ka tambaya ko ƙirar jikin ɗan damben boksin na ajin masu nauyi tana nuna irin horon da ya sha da kuma iya faɗansa, domin kana ganin wasu masu tumbi suna doke waɗanda jikinsu yake a murɗe kamar an sassaƙa. Wannan gardama ce da take tashi duk ranar awon nauyi, da zarar 'yan damben biyu sun tuɓe riga sun hau sikeli.

Amsata ita ce, jiki yana ba da labari, amma labarin mutum ɗaya yake bayarwa. In ka jera 'yan dambe biyu ka ce wannan ya fi wancan shiri don cikinsa ya fi ɗamewa, caca kawai ka yi. In kuwa ka ɗauki mutum guda, ka dubi jikinsa na yau, ka tuna yadda yake lokacin da ya yi faɗansa mafi kyau, to ka fara karanta abin da zai amfane ka.

Ka lura cewa gardamar ba ta cika tashi ba sai a wannan ajin. Dalili shi ne duk sauran azuzuwan suna da iyaka. Wanda yake faɗa a fam 147 dole sikeli ya nuna 147 ko ƙasa da haka, shi ya sa yake ƙona duk kitsen jikinsa, har ya matse ruwan jikinsa kafin awo. Mai himma da malalaci duk a ɗame za ka gan su ranar, domin sikeli ba ya jin roƙo. Ajin masu nauyi kuwa ƙasa kawai gare shi: duk wanda ya haura fam 200, wato kilo 90.7, ya shiga, sama kuma ba iyaka. Mai fam 215 zai iya karawa da mai fam 280. Tun da babu mai tilasta wa kowa ya rage ko giram ɗaya, kowa yana zuwa da jikin da Allah ya ba shi, haɗe da wanda cokali ya ƙara masa.

Layukan nan da kake gani a ciki da kafaɗa, abu ɗaya suke tabbatarwa: kitsen da yake ƙarƙashin fata ba shi da kauri. Shi ke nan. Mai tumbi ma yana da waɗannan tsokoki, rufe su aka yi. Inda jiki yake tara kitse kuma da yawansa, rabi halitta ce, rabi abinci. Akwai wanda ko bai yi atisaye ba na tsawon watanni jikinsa yana nan a murɗe, akwai kuma wanda zai yi gudu kullum da asuba amma gefen cikinsa ba zai taɓa lafewa ba. Masu gasar nuna ƙwanji su ne suka fi kowa fitar da tsoka a duniya, amma ranar da suke kan dandamali a bushe suke, a yunwace, a wannan ranar ce ma suka fi rauni.

Abin da dambe yake nema a wurin mutum yana can ciki, inda kyamara ba ta kai. Faɗan kambun duniya a yau turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Minti 36 ke nan na aiki, kuma aikin ba a shimfiɗe yake ba irin na mai gudun dogon zango. Za ka yi daƙiƙa ashirin kana auna abokin karawa, sai ku ɓarke da musayar naushi na daƙiƙa biyar da dukkan ƙarfinku, sai riƙo, sai turereniya, sai a sake. Juriyar ɗan dambe ita ce saurin da jikinsa yake farfaɗowa bayan kowace ɓarkewa. Wannan ya danganta da yawan jinin da zuciya take turawa a bugu ɗaya, da yadda tsoka take iya amfani da iskar da jinin ya kawo mata, da saurin da bugun zuciya yake sauka a cikin minti ɗayan nan na hutu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake fitowa a hoto.

Akwai kuma abin da masu horarwa suka fi damuwa da shi fiye da huhu, wato sakin jiki. Ka tsaya a ɗakin horo ka kalli sabon shiga mai ƙwanji ranar da aka fara sa shi gwajin faɗa. Kafaɗunsa sun hau har kunne, ya damƙe hannu cikin safa tun kafin ya kai naushi, ya cije robar baki, yana riƙe numfashi duk lokacin da aka kawo masa hari. Mutumin da zai iya gudun kilomita goma ba tare da ya tsaya ba, kafin a gama turmi na biyu ya buɗe baki yana haki, hannayensa sun sauko ƙirji. Tsoro da ɗaurewar jiki ne suka cinye shi. Ka dubi tsohon hannu a gefensa, mai ɗan tumbi: kafaɗa a sake, hannu ba ya damƙewa sai daidai lokacin da zai sauka, yana fitar da iska da kowane naushi, in an riƙe shi sai ya jingina ya huta a jikin abokin karawa. Zai yi turmi goma yana hira da kocinsa. Wannan sai wanda ya daɗe yana shan naushi tun yana yaro, ba a samun sa a wajen ɗaga ƙarfe.

Ƙarfin naushi ma ba a damtse yake ba. Daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya isar da saƙo kawai. Sauri da daidaita lokaci su ne sauran. Deontay Wilder dogo ne, siririn ƙafa, a faɗansa na farko da Tyson Fury a Disamban 2018 fam 212 da rabi ya auna, Fury ya fi shi da fam 44. Duk da haka sau biyu ya kai Fury ƙasa, a turmi na 9 da na 12. Da girman tsoka ne ma'auni, da Wilder bai shiga lissafin masu naushi mai zafi ba.

Yanzu mu zo kan faɗan da na san shi ne a ranka, domin shi ne kowa yake kawowa. Ranar 1 ga Yuni, 2019, a Madison Square Garden da ke New York, Anthony Joshua ya hau fage da kambuna uku na manyan hukumomi, ba a taɓa doke shi ba, fam 247 da ɗoriya, jiki kamar an zana. Andy Ruiz ya auna fam 268, ga shi gajere a kansa, ga teɓa tana rawa. Shi ma cike gurbi ya zo yi, bayan an cire Jarrell Miller saboda an same shi da ƙwayoyin ƙara kuzari. (Miller ɗin nan ƙato ne mai tumbi wanda yake haura fam 300. Masu cewa duk murɗaɗɗen ɗan dambe allura ce ta yi shi, mai tumbi kuma halal ne, sai su riƙe wannan.)

A turmi na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa. Ruiz ya miƙe idonsa garau. Joshua ya matso don ya ƙarasa shi, ya sauke masa dama mai nauyi, Ruiz ya shanye, kuma a cikin wannan cakuɗuwar ya mayar da naushin hagu mai lanƙwasa da ya sami Joshua a gefen kai. Daga nan ƙafafun Joshua suka daina jin maganarsa. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa kafin ƙararrawa. A turmi na bakwai ya ƙara faɗuwa sau biyu, ya tofar da robar baki, ya koma kusurwa ya ɗora hannuwa a kan igiya, alƙalin wasa ya dube shi ya tsayar da faɗan.

Mutane suka ce tumbi ya doke ƙwanji. Wanda ya san Ruiz bai faɗi haka ba. Tun yana ƙaramin yaro yake dambe, ya yi faɗa fiye da ɗari kafin ya zama ƙwararre, hannunsa yana cikin mafiya sauri a ajin, kuma musayar naushi a kusa ita ce gonarsa. Kafin ranar sau ɗaya aka taɓa doke shi, Joseph Parker ne da maki a 2016, bayan sun cika turmi 12, da ƙyar ma. Sannan ga abin da aka fi mantawa: a watan Afrilu, makonni shida kafin faɗan Joshua, ya yi wani faɗan ya ci. Daga sansanin horo ya fito ya shiga wani. Tumbin yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai mutumin da ya yi watanni yana aiki. Joshua kuma ba numfashi ne ya fara yanke masa ba, naushi ne ya ruɗa masa kai, ya kasa dawowa daidai.

Wata shida bayan haka suka sake haɗuwa a Diriyya ta Saudiyya, ranar 7 ga Disamba. A nan ne jiki ya yi magana. Ruiz ya hau sikeli da fam 283 da ɗoriya, ya ƙara fam 15 a kan na baya. Joshua ya sauko zuwa 237, ya rage kusan fam 11, yawanci tsokar sama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya ga awon nan ya san wanda ya yi aiki da wanda ya yi biki, Ruiz da bakinsa ya amsa bayan faɗan cewa bai yi horo yadda ya kamata ba. Joshua ya yi ta zagaya shi yana caka masa hagu daga nesa har turmi 12, Ruiz yana biye da shi ƙafa ta ƙi ɗaguwa. A faɗan farko da na biyu duk Ruiz mai tumbi ne, Joshua kuma murɗaɗɗe. Wanda ya kwatanta su da juna bai ga komai ya canja ba. Wanda ya kwatanta Ruiz da Ruiz ya san sakamakon tun kafin a buga ƙararrawa.

Irin wannan ya sha faruwa. Buster Douglas ya doke Mike Tyson a Tokyo a Fabrairun 1990 yana fam 231 da rabi. Wata takwas bayan nan ya zo kare kambunsa a gaban Evander Holyfield yana 246, a turmi na uku aka kwantar da shi. Lennox Lewis, wanda ko a ranar da bai shirya ba jikinsa yana da kyan gani, ya je Afirka ta Kudu a Afrilun 2001 yana fam 253, nauyin da bai taɓa kaiwa ba kafin lokacin, kuma ya isa a makare wurin da yake kan tudu, inda iska ba ta da kauri. Hasim Rahman ya kwantar da shi a turmi na biyar. A Nuwamba ya dawo da ƙasa da fam 247, ya rama a turmi na huɗu. Fam shida ko bakwai ba su ne suka kayar da Lewis ba. Alama ce kawai ta yadda ya ɗauki faɗan.

Sai dai kada ka mai da sikeli alƙali. Fury ya auna fam 277 a faɗansa na uku da Wilder a Oktoban 2021, aka kai shi ƙasa sau biyu a turmi na huɗu, ya tashi ya ci gaba da matsa wa Wilder har ya gama da shi a turmi na 11. Bayan shekara biyu ya auna kusan daidai wannan nauyin a Riyad, a gaban Francis Ngannou ɗan Kamaru wanda bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ba. Fury ya fito a sanyaye, aka kai shi ƙasa a turmi na uku, da ƙyar ya sha da maki, alƙalai ma ba su haɗu a kansa ba. Nauyi ɗaya, mutum ɗaya, shiri daban. Ngannou ɗin nan kuma, wanda duk wanda ya ga ƙirarsa sai ya ja da baya, Joshua bai bar shi ya wuce turmi na biyu ba a Maris 2024. Kama da wane ba ta wane.

To shin tsoka mai yawa tana gajiyar da mutum, kamar yadda tsofaffin masu horarwa suke cewa? Akwai gaskiya a ciki, amma an cika ta da gishiri. Tsoka nama ce mai rai, tana cin iska, kuma wadda aka tara a ƙirji da damtse ta hanyar ɗaga ƙarfe mai nauyi a hankali kaya ce da zuciya za ta yi ta ciyarwa ba tare da ta ƙara wa naushi komai ba. Frank Bruno na Ingila shi ake misali da shi. A 1984 yana gaba da maki a kan James Smith, aka kwantar da shi a turmi na goma, na ƙarshe. A Yulin 1986 a Wembley, Tim Witherspoon ya zo masa da jiki a sake, ana ta yi masa dariya, shi ne ya tsayar da Bruno a turmi na 11. Amma ni a ganina matsalar Bruno ɗaurewar jiki ce fiye da yawan tsoka, a sandare yake faɗa, in naushi ya same shi kuma sai ya tsaya cak maimakon ya riƙe. Domin ga Ken Norton, wanda ba a cika samun mai ƙirarsa ba, ya yi turmi 15 da Larry Holmes a 1978, turmin ƙarshe ma shi ne ya fi zafi. Ga Holyfield, wanda ya gina jikinsa da ƙarfe da gangan don ya hauro daga ajin da ke ƙasa, kuma da wuya ka ga ranar da ya rasa abin da zai mayar a ƙarshen faɗa. Shi kuwa Holmes da ya ci Norton, siririn ƙafa ne, ƙirjinsa ba abin nunawa ba, amma ya riƙe kambu daga 1978 zuwa 1985 da miƙaƙƙen naushin hagu wanda har yau ake koyar da yara da shi.

George Foreman shi kaɗai ya isa amsa. A Kinshasa a 1974 yana da shekara 25, jiki kamar dutse, ya gama da Joe Frazier da Norton kowanne a turmi biyu. Muhammad Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta jibga da dukkan ƙarfinsa, kafin turmi na takwas hannun Foreman ya zama kamar na mai iyo, Ali ya kwantar da shi. Bayan shekara 20, a Nuwamban 1994, Foreman yana da shekara 45 da tumbinsa da fam 250, a tsaye yake yin hutun tsakanin turmi, ba ya ko zama. Michael Moorer mai shekara 26 yana gaba da maki, a turmi na goma Foreman ya sauke masa dama guda ya karɓe kambu. Huhun ɗan shekara 45 bai fi na ɗan shekara 25 ba. Abin da ya koya shi ne tattali: ba ya taku sai da dalili, ba ya kai naushin da bai ga wurin saukarsa ba.

Kitse ma kada a wanke shi gaba ɗaya. Ba ya naushi, ba ya gudu, ɗaukar sa ake yi, kuma ƙafa da gwiwa su suke biya. Yana riƙe zafi a jiki. Amfaninsa ɗaya shi ne nauyi, nauyi kuma makami ne ga wanda ya san yadda ake amfani da shi. A faɗan Fury da Wilder na biyu a Fabrairun 2020, Fury ya zo da fam 273 da gangan, duk lokacin da suka riƙe juna sai ya ɗora wa Wilder nauyinsa a wuya da kafaɗa, ya bar siraran ƙafafun nan su ɗauke shi. Kafin a jefo tawul daga kusurwar Wilder a turmi na bakwai, alamar an sallama, ƙafafun Wilder sun daɗe da mutuwa.

Shanye naushi kuwa ba shi da wata alama a jiki. Abin da yake sumar da mutum shi ne juyawar kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo. Kaurin wuya yana ɗan taimakawa, ganin naushin kafin ya iso ya fi taimakawa, sauran halitta ce.

In kana son ka auna ɗan dambe da idonka, ka bar cikinsa ka dubi tarihin nauyinsa: a wane nauyi ya yi faɗan da ya fi kyau, yau kuma nawa ya auna? Ka tambayi yaushe rabonsa da faɗa, domin shekara guda a zaune tana ɓata lissafin nesa da lokaci ko da jiki yana sheƙi. In an fara kuma, ka jira turmi na shida zuwa na takwas. Ka duba ko bakinsa a rufe yake, ko hannu yana komawa haɓa bayan naushi ko yana faɗowa, ko har yanzu yana taku a kan yatsu ko ya fara jan ƙafa, ko shi yake neman riƙo. A lokacin hutu ka kalli ƙirjinsa: wanda ya shirya, kafin rabin mintin numfashinsa ya lafa yana sauraron koci. Wanda bai shirya ba, har a cire kujera yana neman iska.

Oleksandr Usyk na Yukren shi ne wanda zan ce ka kalla da wannan idon. In ya tuɓe riga ba za ka ce komai ba, ba shi da tumbi, ba shi da ƙwanjin a zo a gani, kuma daga ajin ƙasa ya hauro. A Landan a Satumban 2021 ya auna fam 221, Joshua 240, amma a turmi na 12 Joshua ne yake jingine da igiya yana jiran ƙararrawa. A Riyad a Mayun 2024 Fury ya fi shi da kusan fam 40, kuma Fury ne yake jan ragamar faɗan a tsakiya. Usyk bai daina taku ba, bai daina tsokana da hannun gaba ba, yana tilasta wa ƙaton ya yi ta motsi da tunani ba hutu, har a turmi na tara ya same shi da hagu, ya yi ta kora shi daga igiya zuwa igiya sai da alƙalin wasa ya shiga ya yi masa ƙirga. Ya ci da maki, ya haɗa kambuna huɗu, a Disamba kuma suka sake karawa ya sake cin sa.